Mararraba a Hawa na Tara

Shekara shida ina amsa waya
a hawa na tara, cikin birnin Cebu.
Darenmu hantsin wasu ne a ƙetaren teku.
"Ka kashe ka sake kunnawa?"
Na faɗa, na faɗa, har ta zame mini sallama.
Wannan ya manta kalmar sirri,
waccan firinta ta haɗiye mata takarda,
ni kuwa, Marilou Cabahug,
ina ɗinkin da gobe zai sake yagewa.

Rannan shugaba ta ajiye mini takarda:
gida uku, a zaɓi guda,
tsaro, gajimare, sadarwa.
Kamfani zai biya rabin kuɗin karatu,
ɗaya rabin daga bakin tukunyarmu zai fita.

Jomar ya ce tsaro ne kasuwa,
ɓarawo ba ya hutu, mai gadi ba ya rasa aiki.
Tun bai buɗe littafi ba
ya fara kallonmu da wutsiyar ido.
Ligaya ta ce gajimare,
can albashi ke zuba kamar da bakin ƙwarya.
Na ce, a ina ake taɓa shi?
Ta yi dariya. Ba a taɓawa.

Na kai maganar kasuwar Taboan,
inda inna ke jera busasshen kifi,
gishiri ya cinye mata zanen tafin hannu.
Ta ce, "Ban san gajimarenku ba.
Amma mai rungumar kwando uku,
ƙasa yake yi wa dako.
Nemi wanda in kina kansa
sai an tuna miki da abinci."

Daren Laraba guguwa ta sauka.
Tagogi na kyarma, janareto na tari,
allo ɗari biyu suka ɗauke numfashi tare.
Manong Eleuterio, mai mabuɗin ɗakin sanyi,
gwiwarsa ta daɗe da yin sallama da tsani.
Ya miƙo mini tocila.
"Zo, ke ce mai siririn hannu."

Ciki igiyoyi sun sarƙe
kamar saiwar itacen bakin teku.
"Kada ki ja," in ji shi. "Bi.
Kowace igiya gida biyu gare ta,
inda ta fito da inda ake jiranta."
Na bi wata shuɗiya da yatsa,
ta bayan ƙarfe, ta ƙarƙashin ƙura,
har inda rufi ke ɗiga a bakin wata na'ura.
Muka goge, muka canza, muka jira.
Ƙwayar wuta guda ta yi kore.
Sai ta kusa da ita.
Sai layin duka, kamar gari ya farka.
Ta bayan ƙofa na jiyo ihu da tafi.
Na duba agogo: awa uku,
shinkafata ta sandare a cikin jaka.

Da safe na cike gida na uku.

Na sayo tsofaffin na'urori biyu a titin Colon,
ɗaya da tabon wuta a gefe.
Suna kan teburin girki, kusa da kwalbar ruwan tsami.
Ina koyon raba adireshi kamar rabon gado,
kowa da kasonsa, kada wani ya shiga gonar wani.
A mota ina haddar lambobi,
har na wuce tasharmu sau biyu.

Jarrabawar farko ta kayar da ni.
Maki goma sha ɗaya.
Na yi kuka a matakala, na wanke fuska, na koma tebur.
Jomar ya ci tasa, ya haura hawa na sha huɗu,
yana ɗaga mini hannu a lifta.

Har yanzu ni ce mai amsa waya.
Sai dai in murya ta ce, "Ba ya buɗewa,"
ina ganin hanyar da saƙon ya bi,
ina jin daidai inda ya yi tuntuɓe.

Ranar tara ga watan gobe zan sake zama.
Manong ya ba ni aron fensirinsa,
guntu, duk sawun haƙori.